Bangon da Muka Shafe da Farar Ƙasa

Jawabin da Malam Haliru Attahiru Sanyinna, tsohon malami a kwalejin horar da malamai, ya gabatar a taron tunawa da ɗansa, Malam Nu'umanu Haliru, shugaban makarantar firamare ta Tungar Na'iya. An yi taron a harabar makarantar, ranar Asabar ta ƙarshe kafin a shiga sabuwar shekarar karatu.

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Yake ba mu ba don mun cancanta ba, Yake kuma karɓa ba tare da Ya zalunce mu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma wakilin Uban Ƙasa. Manyan baƙinmu daga ofishin ilimi. Liman da sauran malamanmu. Mai Garin Tungar Na'iya da dattawansa. Shugabannin ƙungiyar malamai, waɗanda suka shirya wannan zama. Malaman makaranta da suka taso daga Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, wasunku har yanzu da lakar hanya a ƙafar wando. Iyayen yara maza da mata. Hajiya Hindatu, mahaifiyar marigayi. Da surukata Raliya, wadda ke takaba a ɗakinta, na kuma san lasifikar nan tana kai mata abin da nake faɗa: amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku.

Ba al'adarmu ba ce uba ya miƙe cikin taro ya yi magana a kan ɗansa, balle ɗan fari. Da masu shirya taron nan suka iske ni, sai da na ƙi. Na amince daga baya ne saboda akwai magana guda da ya wajaba a faɗa kafin jibi Litinin, na duba kuma na ga babu wanda zai iya faɗin ta a gafarta masa, sai wanda aka yi wa rasuwar.

Kun ji waɗanda suka riga ni magana suna ta ambaton sunansa. Ni ban taɓa furta shi ba, tun ranar da aka raɗa masa shi. Haka muka taso muka tarar. Yana ƙarami ina ce masa "kai". Da ya tasa na koma "yaron nan". Da aka ba shi riƙon wannan makaranta sai na sami sauƙi, na riƙa ce masa Hedimasta, shi kuma yana amsa mini da "ranka ya daɗe, Sufeto", alhali ban taɓa yin aikin sufeto ba a rayuwata. Ku yi mini uzuri, da Hedimasta zan ci gaba da kiransa.

Ya kasance mai taurin kai, amma irin taurin kan da ba a jin ƙararsa. Lokacin da ya gama jami'a, na riga na shirya masa hanyar ci gaba da karatu, na yi magana da waɗanda ya kamata. Ya saurare ni har na kai aya, bai katse ni ba. Sannan ya ce an tura shi wata tunga da ke bayan fadama, kuma ya karɓa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Baba, ka daɗe kana koya wa mutane yadda za su karantar a ƙauye. Bari ɗaya daga cikin gidanmu shi tafi shi gani." Mahaifiyarsa ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Ranar tafiya kuma ita ce ta ɗaure masa tabarma da tukunya a bayan babur.

Ya kasance mai sanin cewa kalandar makaranta da kalandar gona ba su taɓa zama sun yi shawara da juna ba. Kowace shekara mukan buɗe makaranta daidai lokacin da gero ya nuna, shinkafa ta fara ɗaukar ido, tsuntsun jan-baki ya sauka a fadama. Yaron da ake so ya zauna a aji shi ne yaron da ake so ya tsaya a gona yana jan igiyar gwangwani don korar tsuntsaye. Mu a kwaleji mun sa wa wannan matsala sunaye masu tsawo. Shi kuwa bai taɓa aika wa uba takardar gargaɗi ba. Gona yake bi. Wani manomi a nan, yana zaune cikinku, ya taɓa ce masa, "Malam, tsuntsayen ga ba su san an koma makaranta ba." Sai ya karɓi igiyar daga hannun yaron ya tsaya yana ja, har ya gane da idonsa cewa tsuntsun da sassafe yake ci, da la'asar yake dawowa, tsakar rana kuwa yana cikin inuwa yana hutawa. Daga wannan shekara, har a gama girbi, ƙarfen makarantar nan da hantsi ake buga shi, a tashi da azahar. Babu dokar da ta yarda masa da haka. Amma aji ya cika, shinkafa kuma ta tsira.

Ya kasance malamin aji ɗaya, da aji uku, da aji shida, duk a wuni guda. Ya tarar da malamai huɗu. Wani ya yi ritaya, wani ya rasu, wani ya nemi canji ya koma gari, ba a kuma aiko da madadin ko ɗaya ba. Aka bar shi da Malam Sirajo, ga shi can tsaye a bayan rumfa, ya ƙi zama tun safe. Su biyu suka riƙe yaran garin nan da na rugagen da ke kewaye. In ya zo gida Sanyinna muryarsa a dushe take. Mahaifiyarsa takan dafa masa citta da zuma, tana yi tana faɗa, tana cewa ita ba ta haifi ɗa don ya zama mai shelar gari ba.

Ya kasance mai girmama manya. Na ajiye wannan a ƙarshe da gangan, domin halin da aka fi yabonsa da shi ke nan yau, kuma a kansa maganata take.

Makarantar nan ɗakuna biyu gare ta, na gabas da na yamma. Ba gwamnati ta gina su ba. Mutanen Tungar Na'iya ne suka yi gayya, suka kwaɓa ƙasa, suka ɗora bulo, suka sayar da hatsi suka sayi kwano. Abin alfahari ne, har gobe. To amma ginin ƙasa yana tsufa. Damina bayan damina ruwa ya ci gindin bango, ɗakin gabas ya tsage daga ƙarƙashin taga har sama, tsagar da yaro ke leƙa waje ta cikinta. Na yamma ma ya fara.

A ƙarshen zangon da ya wuce aka aiko cewa baƙi za su zo duba gine-gine, domin a zaɓi makarantun da za a fara gyarawa. Raliya ta shaida mini ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya ce mata, "Bana dai sai sun gani da idonsu." Ya je wurin Mai Gari ya roƙi alfarma guda: kada a taɓa komai, a bar makaranta yadda take. Mai Gari ya ce masa "to". Dukkanmu mun san irin wannan "to" ɗin. Ita ce wadda dattijo ke faɗa wa yaro mai hankali idan ba ya son ya musa masa a fili.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya, ya zo Sanyinna duba ta. Ya komo ana gobe baƙi za su iso, ya tarar da makarantarsa tana ƙyalli. Samari sun cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsagar sun lailaye. Mata sun ɗauko farar ƙasa a ka daga nesa, sun shafe bango ciki da waje. An aro bencina daga garin maƙwabta. An share fili, an jera duwatsu, an ɗaga tuta. Mai Gari ya tarye shi da murna, ya ce, "Malam, ai ba mu bari baƙi su iske mu hakanan. Mi za su ce da garinmu?"

Ina so mu tsaya a nan, mu tsaya inda ya tsaya. A gabansa ga dattijon da ya ba shi ɗakin kwana tun ranar da ya zo. Ga matan da suka wuni da farar ƙasa a hannu har fatarsu ta tsattsage, suna jiran ya ce sun kyauta. Da ya ɗauki fartanya ya kankare bangon, da ya ceci ɗakin, ya kuma tozarta garin gaba ɗaya. Bai kankare ba. Ya yi musu godiya.

Washegari ya faɗa wa baƙi da bakinsa cewa akwai tsaga a ƙarƙashin shafen. Suka duba, suka shafa, suka ƙwanƙwasa. Ɗaya daga cikinsu ya yi murmushi ya ce in aka kwatanta da wuraren da suka baro, wannan ai fada ce. Suka ci tuwon shinkafa da miyar zabi, aka raka su har bakin fadama. Ban zargi kowa a cikinsu ba. Abin da aka nuna musu suka rubuta. Gyara ya tafi makarantun da ba su sami mai shafa musu farar ƙasa ba.

Da ya zo hutu ya ba ni labarin yana dariya, irin dariyar da ba ta kaiwa ga ido. Ya ce, "Sufeto, an yaba muna, an wuce." Sannan ya ce ya yanke shawara: sabuwar shekara ƙarƙashin tsamiya za a fara ta, ba zai ƙara sa ɗan kowa a ɗakin gabas ba.

Abin da ya kawo shi makaranta ke nan ranar da abin ya faru. An yi kwanaki ana ruwa, da gari ya ɗan washe sai ya kira Malam Sirajo su fitar da kaya tun da wuri. Sun fitar da bencina, saura allo. Ya ce wa Sirajo, "Ɗauki wanga ka yi gaba, ni ɗauko allon." Sirajo bai kai gindin tsamiya ba ya ji ƙarar.

Mutanen da suka cike tsagar su ne suka tone shi, da hannu, ba su tsaya neman shebur ba. Yana da sauran numfashi. Fadama ta cika, mota ba ta shigowa, sai aka riƙe shi a kan babur tsakanin mutum biyu. Bai kai bakin kwalta ba. Waɗanda suka yi masa wanka sun shaida mini sai da suka sake ruwa, saboda farar ƙasar da ta maƙale a gemunsa.

Na yarda da ƙaddara. Kwanansa ne ya ƙare, kuma da yana kwance a gadon mahaifiyarsa a wannan sa'ar, da an karɓe shi. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta cewa a gode Allah da ba ranar karatu ba ce. Gaskiya suka faɗa, na kuma gode. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana mutum sanin abin da hannunsa ya yi. Ba ruwan sama kaɗai ya kashe Hedimasta ba. Kunyarmu ta taimaka.

Mai Gari, ka zo gidana ka zauna a zaure tun hantsi har la'asar, ka kasa cewa komai. Na ji abin da ba ka faɗa ba. Babu komai tsakanina da kai sai alheri, duniya da lahira. Abin da ka yi, kowane dattijo mai mutunci a ƙasar nan shi zai yi. Mu mutane ne da baƙo ba ya ganin tukunyarmu babu komai. Mukan ari riga mu tarye shi. Mukan yanka kazar ƙarshe. Idan ya tambaye mu lafiya, mukan ce lafiya lau ko da gawa na cikin gida. Hali ne mai kyau, da shi aka san mu. Sai dai mun ɗauki halin da ake tarbar mai ziyara da shi, mun tarbi mai duba ciwo. Likita ya zo, mun rufe gyambon da sabon zane, muka ce masa sannu da zuwa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na yarda na tsaya a nan, ina kuma neman afuwar masu masaukinmu tun kafin in faɗa.

Na riga kowa isowa da safen nan. Ina so in ga wurin ni kaɗai. An kwashe ɓaraguzan ɗakin gabas, an share, an yayyafa ruwa. Da na juya sai na ga ɗakin yamma fari tas, yana ƙamshin ɗanyar ƙasa. Wata dattijuwa, Inna Hauwa'u, tana wanke ƙwarya a gefe. Na tambaye ta wa ya sa wannan aiki. Ta ce, "Ba wanda yas sa mu, Baba Malam. Don Hedimasta munka yi. Manya za su zo, kada a ce makarantatai ta yi dauɗa." Tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi. Na yi mata godiya. Ni ma, kun gani, godiya na yi.

Bayan ta tafi na sa kan sandata na ƙwaƙule ƙarƙashin taga. Ƙasar ba ta ko bushe ba. Tsagar tana nan, kuma tafin hannuna ya shige ta a tsaye.

Ranku ya daɗe, bangon da ke bayan kujerunku nake nufi. Domin ku aka shafe shi. Ina roƙon waɗanda suka jingina da shi su matso gaba kaɗan.

Jibi za a buga ƙarfe a makarantun ƙasar nan. A wasu, malami ɗaya ne zai amsa gaisuwar yara ɗari. A wasu, iska ta ɗauke kwano tun bara, ana karatu ana kallon hadari. A wasu, ba za a buga ƙarfen ba sam, domin garin ya watse saboda tsoro, alli yana nan a kan taga inda aka bar shi. Da yawa daga cikin malaman da ke zaune a nan ni na koyar da su. Na koya muku tsara darasi, da yadda ake tambayar yaro, da tazarar da ta kamata tsakanin allo da benci na farko. Ban koya muku yadda ake sauraren bango ba. Ina so in ce muku bana za ta fi bara, amma ban saba faɗa muku abin da ban yarda da shi ba.

Ba zan roƙi baƙinmu sabon gini ba. Na san za a yi alkawari kafin a tashi, na kuma san masu yin sa da zuciya ɗaya za su yi. Na ga irinsa da yawa. Za a ce a rubuto. Za a ce an wuce kasafin bana. Rani zai shigo, bango ya bushe ya daina ba kowa tsoro, a manta, sai wata damina.

Roƙona ga iyayen Tungar Na'iya yake. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata da tsufana ina roƙon iyaye su kai 'ya'yansu aji, yau ina roƙonku ku hana su shiga wannan. Ba kulle shi nake so ku yi ba. Kulle ba zai yi ba. Damina ba ta ƙare ba. Za a zauna ƙarƙashin tsamiya lafiya lau har ranar da hadari zai taso da hantsi, yara ƙanana su fara kuka, ga ɗaki a gabansu da rufi. Malam Sirajo mutum ne mai tausayi, zai buɗe. Ko ni ne zan buɗe. Kuma ranar ruwan ita ce ranar da bango ya fi nauyi. Ku rushe shi. Da hannunku kuka gina, ku sauke shi da hannunku, gobe, kafin Litinin.

Na san amsar da ke zukatanku, domin ni ma na auna ta. Za a ce ba a rushe makaranta sai da izini, izini kuwa ba ya zuwa cikin kwana biyu. Za a ce in babu ɗaki ko ɗaya, za a haɗe mu da makarantar da ke hayin fadama, kuma babu uban da zai bar 'yarsa ta riƙa ratsa ruwa safe da rana. Ke nan abin da Hedimasta ya tara a shekaru zai watse a zango guda. Wannan ma gaskiya ne. In bangon ya tsaya, muna caca da rayukan yara. In ya sauka, makarantar za ta iya bin sa. Ban zo muku da hanya ta uku ba. Na nema ban samu ba. Abin da kawai na sani shi ne yaron da bai iya karatu bana ba yana iya koyo baɗi. Nawa ba shi da baɗi.

Raliya, 'yata. Shekaranjiya kin aiko a tambaye ni wa zai raka 'yarku Atu makaranta ranar Litinin, tunda ke ba ki fita. Kin ce ubanta ya ɗinka mata rigar makaranta tun farkon hutu, tana ta sawa tana cirewa, tana cewa ita ajin Baba za ta zauna. Ban ba ki amsa ba, ga ta yanzu. Muddin bangon nan yana tsaye, Atu ba za ta zo ba. Ki ninke rigar ki ajiye. In ta yi kuka ki ce kakanta ne ya hana, ta zo ta yi rigimar da ni, ai mun saba. Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda muke ta ce miki ki yi.

Hajiya, ke kika ɗaure masa kaya ranar da ya taho nan, kin kuma faɗa mini kina jin kamar da hannunki kika miƙa shi. Ba haka ba ne. Kin yi masa abin da uwa ke yi. Kin riƙe kukanki a gaban mutane kamar yadda aka koya mana game da ɗan fari. Ya isa haka. In mun koma gida ki yi abinki, ba wanda zai ce miki komai.

Malam Sirajo, jibi kai kaɗai ne. Ba ni da abin da zan ba ka sai addu'a, na kuma san ba ta koyar da aji shida.

Ina gode wa ƙungiyar malamai da ta tara mu. Ina gode wa baƙinmu da suka ratso wannan hanya. Ina gode wa mutanen garin nan da suka riƙe mini yaro kamar nasu, suka tone shi da farcensu, suka raka shi har makwanci. In maganata ta yi wa wani ɗaci, ya yafe mini. Abinci yana nan an shirya, kuma na san an yanka abin da bai kamata a yanka ba domin mu.

Mun iya rufe abu, mu mutanen nan. Ni ma na rufe suna guda a bakina shekara talatin da 'yan kai, ina ganin akwai sauran lokaci. Ku ɗaga hannu mu yi addu'a.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Nu'umanu. Nu'umanu, ɗana. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya kowane harafi da ya koya wa ɗan wani a ma'auninsa. Ka raya abin da ya bari, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa da ta matarsa. Ka saka wa mutanen Tungar Na'iya da alheri a kan niyyarsu. Ka tsare malamanmu da yaranmu a shekarar da za a shiga.

Ya Allah, Kai Ka san mu fiye da yadda muka san kanmu. In har ba za mu iya sauke bangon nan ba, to Ka sa ya faɗi ranar da babu kowa a ciki.

Amin. Wassalamu alaikum.